Kafin ka ɗau jaka ka tafi aikin agaji garin da tsunami ta ci

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar muna zaune a majalisarmu ta Ƙofar Marusa, sai ƙanen wani abokina da ya samu gurbin karatu a Malesiya ya matso kusa da ni yace "Yaya, an ce kai ka je Palu ta Indonisiya lokacin da teku ta ci garin, to in irin haka ta faru ina can ya zan yi in shiga cikin masu agaji?" Na fara ba shi amsa kenan aka kira magariba, maganar kuma ba ta tsakanin kiran sallah da iƙama bace, shi yasa nace bari in zauna in rubuta ta gaba ɗaya ya karanta, sauran yaranmu na Katsina da Daura da ke fita karatu ƙasashen bakin teku su ma su gani. Zan riƙa cewa "ka" amma har da ƙannenmu mata nake, don a inda na je aikin da mata suka yi babu namijin da zai iya shi.

Lokacin ina karatu a wata jami'a a tsibirin Jaba na Indonisiya. Ranar Juma'a 28 ga Satumba 2018, dab da magariba, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.5 ta bugi tsakiyar tsibirin Sulawesi, cikin ƴan mintuna ruwa ya taso ya shigo ta mashigin Palu, a lokacin jama'a sun taru a bakin ruwan Talise ana shirin wani biki na gari. Babbar gadar nan mai launin ruwan ɗorawa ta karye ta faɗa ruwa. A unguwannin Petobo da Balaroa kuma ba ma teku bace, ƙasa ce da kanta ta narke ta koma kamar kunu ta haɗiye gidaje da mutanen ciki. Sama da mutum 4,000 suka rasu a Palu da Donggala da Sigi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni sai bayan makonni na isa, cikin tawagar ɗaliban makarantarmu, ƙarƙashin wata ƙungiyar agaji ta ƴan ƙasar.

Abu na farko, ka san ruwan da za ka je wajensa. Mu nan ambaliya muka sani, ruwan sama ya yi yawa, kwata ta toshe ko gulbi ya cika ya batse. Tsunami daban ce. Ƙasan teku ne ke motsawa, ko ta girgiza ko zaftarewa ko aman wuta, sai ruwan da ke bisa ya ɗaga gaba ɗaya tun daga ƙasa har sama. A tsakiyar teku gudunta na iya kai kilomita 800 a awa, gudun jirgin sama kenan, kuma na cikin jirgin ruwa ma ba lallai ya lura ba, sai ta zo gaɓa inda zurfi ya ragu sannan ta rage gudu ta tattaru ta miƙe. A Japan ranar 11 ga Maris 2011 akwai inda ruwa ya hau tudu har kusan mita 40, ka tsaya gindin hasumiyar Gobarau ka ɗaga kai, to ya fi ninkinta biyu. Kuma ba sau ɗaya take zuwa ba, ta farko ma ba lallai ita ce babba ba, mutane da yawa sun rasu ne don sun sauko duba gida bayan ta farko ta koma. Wannan ya shafe ka kai tsaye, don wurin da ƙasa ta girgiza sai ta yi ta ƙananan girgiza har watanni, kana cikin aiki za ka ji ta. In ka ji mai ƙarfi ko wadda ta daɗe, ko ka ga teku ta janye baya har kifi na tsalle a fili, ka yar da shebur ka nufi tudu da ƙafa, kar ka jira jiniya, kar ka jira shugaban tawaga, kar ka shiga mota don hanya cushewa take. Mutanen tsibirin Simeulue na Indonisiya suna da wannan a waƙoƙin kakanni, suna ce mata smong, tun wadda ta same su a 1907, shi yasa a ta 26 ga Disamba 2004 da ta kashe kusan mutum 230,000 a ƙasashe 14, su ƙalilan suka rasa duk da suna kusa da inda girgizar ta taso.

Na biyu, kuma wannan tun kana Katsina za ka fara shi: ka koyi wani abu da hannunka. Kyakkyawar niyya kowa na da ita, amma a sansanin agaji tambayar da za a fara maka ita ce me ka iya. Ka je reshen Red Cross na jiha ka yi horon taimakon gaggawa, ko ka shiga ƴan agajin ƙungiyoyinmu na addini da ke aikin masallacin Idi da sansanin alhazai, ka koyi ɗaure rauni, tsayar da jini, ɗaukar marar lafiya ba tare da ka ƙara masa ciwo ba, da riƙe layin jama'a ba tare da tsawa ba. In kai birkila ne ko kafinta ko mai gyaran famfo ko wayarin ko nas, to ka fi mai digiri da ba ya iya riƙe guduma daraja a can. Wanda ya je Jibiya a damunar 2018 lokacin da ruwa ya tashi da dare ya ci sama da mutum 40, ko ya je Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ya riga ya san rabin aikin, warin ma ya san shi.

Na uku shi ne inda yawancin mutane ke kuskure, kuma zan ɗan daɗe a kai. Kar ka tafi kai kaɗai. Kar ka ga hoto a Facebook zuciyarka ta karye ka sayi tikiti. Makon farko da na biyu aikin sojoji ne da likitoci da masu tono da karnuka da manyan motoci, filin jirgin Palu ma kansa ya lalace, babu man fetur babu wuta babu ruwan sha, duk baƙon da ya sauka ba da tsari ba to ya zama ƙarin baki ne a kan abincin wanda ya rasa gida. A watan Oktoba na shekarar hukumar bala'o'i ta Indonisiya, BNPB, ta fito ƙarara tace ƙungiyoyin waje ba za su shiga fili kai tsaye ba sai ta hannun na gida, har aka ce waɗanda suka shigo da ma'aikata baƙi ba izini su janye su. Wasu sun ji haushi, ni kam na ga dalilinsu, don sun ga irin cakuɗewar da aka yi a Aceh, lardinsu da tsunamin 2004 ta fi yi wa ɓarna, a 2005 da ƙungiyoyi ɗaruruwa suka cika gari kowa na nasa. To ka nemi waɗanda za ka shiga ƙarƙashinsu: tawagar jami'arka, Red Cross ta ƙasar da kake, wadda a Indonisiya ake ce mata PMI, ko sashen agaji na manyan ƙungiyoyin Musulunci irin Muhammadiyah. A Japan kuma kowane gari cibiyar ƴan sa kai ake buɗewa, ka yi rajista ka sayi inshorar aikin sa kai, da safe a haɗa ku rukuni a ba ku gidan da za ku je. Ka tambaye su abu huɗu kafin ka ce eh: wane aiki zan yi, ina zan kwana, waye shugabana, in na ji rauni wa zai ɗauke ni. In suka kasa amsawa kar ka bi su. In kuma kana gida Najeriya ne ba ka da wata sana'a ta musamman, gaskiyar da zan faɗa maka ita ce kuɗin jirgin nan in ka tura wa amintacciyar ƙungiya ta can zai ciyar da gidaje da yawa, ƙarfinka kuma ka ajiye wa damunar nan tamu. Ba raini bane, lissafi ne.

Sai takardu da allurai, wannan ba doguwar magana. Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, biza ko izinin zama da ya yarda ka yi aikin, wasiƙar ƙungiyar da ta ɗauke ka, katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa da dama sai da shi ɗan Najeriya ke fita, inshorar lafiya. Ka yi fotokwafin komai ka sa a leda, ka ɗauki hotonsu a waya. Allurar sarƙe-haƙora dole ce, don bayan ta Aceh an samu mutane da dama da suka tsira daga ruwa amma ƙusa mai tsatsa ta kai su asibiti da wannan cuta. Ka ƙara da ta ciwon hanta da taifod in likita ya ce. Sannan ka gaya wa iyaye, ka nemi izininsu da albarkarsu, kar Mama ta ji a bakin wani. Ka ba su lambar shugaban tawaga, ka gaya masu za a yi kwanaki ba sabis don kar hankalinsu ya tashi.

Jakarka kuma ka haɗa ta da tunanin cewa ba za ka roƙi kowa ko ashana ba. Takalmin ruwa mai tsawo mai ƙarfe ko faranti mai tauri a tafin, safar hannu iri biyu, ta roba mai kauri da ta fata, takunkumi mai kyau da yawa don in taɓon ya bushe ƙura yake zama, ga tsohon rufin asbestos da ya farfashe, gilashin kare ido, hular kwano, riga mai dogon hannu ko da zafi, tocila ta goshi, fawa bank, usur, gidan sauro, tabarma ko ƙaramar darduma, sabulu, maganin tace ruwa, ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, da maganinka na kullum in kana sha. Kuɗi tsaba ƙanana, don ATM ba ya aiki. Ni na kai garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino, sun taimake ni sosai ranakun da girkin sansani bai kai gare mu ba. Maganar takalmi kar ka yi wasa da ita, ni na sayi mai araha marar faranti, kwana na huɗu na taka katako a cikin taɓo ƙusa ta huda har tafin ƙafata, aka wanke aka ɗaure, na yi kwana uku a tanti ina rubuta sunaye a littafi, kuma nas ɗin da ta kula da ni akwai layin mutane da ke jiranta a lokacin, abin ya dame ni har yau. Abin da ba za ka kai ba: tsofaffin kaya na gwanjo, maganin da ya kusa lalacewa, da madarar jarirai ta gwangwani don rabawa haka kawai, saboda inda ruwa ba tsabta madarar nan gudawa take sa jariri.

In ka sauka, kafin komai ka je ofishin tsare-tsare na wurin, su posko suke ce masa, ka rubuta sunanka, su ɗan sa kai relawan suke kiransa, za ka ji kalmar nan sau ɗari a rana. Daga nan ka tambayi ina tudu mafi kusa, ka taka da ƙafarka ka je ka dawo ka ga minti nawa ne, da rana, don in ta kama da dare ƙafarka ta san hanya. Ka kwana da takalmi da tocila a kusa da kanka. Ka gaida mai unguwa da limamin wurin kamar yadda za ka yi in ka sauka wani ƙauye a ƙasar Daura, wallahi wannan ba ya canzawa ko ina ka je, wanda ya fara da gaisuwa ƙofofi buɗe masa suke.

To yanzu aikin kansa. Mafi yawansa taɓo ne. Ba irin taɓon kududdufinmu da ake yin tubali da shi ba, baƙi ne mai nauyi, cikinsa akwai gishiri da man jirgi da ruwan salga da ruɓaɓɓen kifi da fasassun gilasai, warinsa kuma yana kama tufafi har ka wanke sau uku yana nan. Ba ku shiga gida sai wanda ya san gini ya duba bango da rufi yace a shiga, kuma an tabbatar ba wuta a wayoyi, tukunyar gas ma an fitar. Sai mai gida ko uwar gida ta tsaya tare da ku. Ku buɗe tagogi, ku fara fitar da manyan kaya, katifa da ta sha ruwa mutum huɗu ke ɗaga ta, sannan shebur da baro da buhu, kar ka cika buhu ya wuce rabi don bayanka. Ku ware tarkace, katako gefe, ƙarfe gefe, abin da zai ruɓe gefe. Bayan an kwashe sai wanki da ruwa, sai maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai a bari ya bushe. Duk bayan kamar rabin awa ku tsaya ku sha ruwa, Palu tana dab da tsakiyar duniya inda rana ke bugawa tsaye, kuma zafinsu mai gumi ne ba irin namu busasshe na bazara ba, mutum sai ya faɗi bai sani ba.

Amma ka riƙe wannan: babu abin da ake kira shara a gidan nan sai abin da mai shi ya ce shara ne. Akwai wata tsohuwa da muka yi wa aiki kwana biyu, ni Ibu nake ce mata kamar yadda suke kiran uwa, tana zaune kan bokiti da aka kife a bakin ƙofa ba ta magana. Na zaro wata leda daga ƙarƙashin kabad da ya faɗi, ta kumbura da ruwa baƙi ƙirin, har na ɗaga zan jefa a baro sai wani abokin aikina ɗan ƙasar ya riƙe hannuna. Muka kai gabanta muka buɗe, ashe takardun shaidar makarantar ɗanta ne da takardar fili da hotuna guda shida. Ta ɗauki hoto ɗaya ta goge da bakin mayafinta, sai fuskar ta fara bin mayafin, don hoton da ya jiƙa in ka goge shi tawadar tashi take. Ta tsaya cak. Daga nan aka kawo roba da ruwa mai tsabta, aka riƙa tsoma sauran ɗaya bayan ɗaya ana kaɗawa a hankali da yatsa daga gefe, ba a taɓa fuska, aka shanya a inuwa a kan igiya. Biyar suka fita. Takardun kuma ba a ɓare su da ƙarfi, a shimfiɗa su a inuwa sai sun sha iska sannan a raba shafi shafi. A Japan har rukunin ƴan sa kai aka yi da ba su da aiki sai wankin hotuna. In ka ga Alƙur'ani ko littafin addini ka ware shi ka kai wa liman.

In kuka ci karo da gawa, kuma yana faruwa ko bayan an daina nema a hukumance, ka tsaya, ka sa alama, ka kira shugaba. Kar ka motsa ta, kar ka cire zobe ko agogo ko wani abu a jiki don da su ake gane mutum. Gawar wanda ruwa ya ci ba ita ke kawo annoba ba kamar yadda ake yaɗawa, ruwan sha marar tsabta da rashin makewayi su ne, shi yasa in aka sa ka haƙan masai ko jan tankin ruwa kar ka ga kamar an raina ka. Ma'aunin masu agaji na duniya shi ne aƙalla lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a rana, makewayi ɗaya ga mutum 20, na mata daban da fitila da sakata.

Wajen rabon kaya ka bi rajista, kar ka jefa daga kan mota, kar ka ba wanda ya fi ɗaga murya ka manta tsoho da mai ciki da gurgu da ke can baya. Kar ka yi alƙawarin abin da ba hannunka yake ba, "zan kawo maki gobe" ɗin nan da muke faɗa don kunya, a can mutum zai zauna ya jira ka har dare. Kayan mata mace ce za ta raba. Yaro in ka gan shi shi kaɗai ka kai shi wajen masu rajistar yara, kar ka ɗauke shi da sunan tausayi, bayan ta Aceh sai da gwamnati ta hana fitar da yara daga lardin gaba ɗaya saboda masu fataucinsu.

Sai harshe, Allah ya sa mu fi ƙarfinsa. Wanda ya rasa mutum biyar a yini ɗaya ba wa'azi yake nema a wajenka ba. Na ji masu cewa azaba ce saboda kaza da kaza, a gaban uwar da ɗanta ya rasu yana hanyar masallaci, don Allah kar ka zama cikinsu, kai ba ka san gaibu ba. Kar ka ce "na san yadda kike ji", kar ka matsa sai an ba ka labarin yadda aka yi. Ka zauna, in an yi magana ka saurara, in an yi shiru ka yi shiru, irin zaman makokinmu dai, "ya haƙuri" da addu'a sun isa. Ka koyi gaisuwa da godiya da ban haƙuri a harshensu kafin ka je. Waya kuma ta zauna aljihu, ba a ɗaukar hoton mutum ba izininsa, na yara da na gawa kuwa ko da izini ka bari.

Kanka ma ka kula da shi. Ka wanke hannu kafin cin abinci ko da ka gaji, ƙaramin ƙwarzane ka wanke ka rufe ka nuna wa nas, in zazzaɓi ya zo ka faɗa da wuri don akwai sauro mai kawo zazzaɓin dengi. Ka yi sallah a kan lokaci ko da a kan buhu ne, ni ita ta riƙe ni. In ka ji kuka ya zo ka zaga bayan tanti ka yi, ka samu wanda kuke hira da shi da dare.

Ranar tafiya ka rubuta wa wanda zai gaje ka gidajen da aka gama, waɗanda suka rage, da wanda ke jiran magani ko tampol. Ka bar shebur da takalmi da gidan sauro in suna da sauran amfani, sharar da ka tara kuma ka fita da ita. Ka je ka yi sallama da mai unguwa da mutanen da ka yi wa aiki, yawancinsu za su daɗe a gidajen wucin gadi da suke kira huntara bayan an daina jin labarinsu a rediyo, in ka karɓi lamba to ka riƙa kira. Bayan ka dawo in zazzaɓi ko tari ya kama ka, ka gaya wa likita inda ka je da irin ƙurar da ka shaƙa. Ni na yi kusan wata biyu in babbar mota ta wuce taga ta yi ƙara sai in miƙe ina neman takalmi, in naka ya wuce haka ko barci ya ƙaurace maka ka je ka ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a asibitocinmu nan Katsina. Kai kuma ƙanena mai tafiya Malesiya, ka zo gida ranar Asabar in nuna maka irin farantin da ake sa wa a tafin takalmin, ka taho da katin alluranka mu duba.